Zakka da Wanda Yake Tsare: Nazari Domin Kwamitocin Masallatai

Daga cikin buƙatun da suke zuwa hannun kwamitocin masallatai, akwai wadda ba a cika faɗinta a bainar jama'a ba. Uwa ce ko matar aure take jira sai an watse daga sallar la'asar, sannan ta aika yaro ya kira liman gefe, ta ce masa an tsare ɗanta ko mijinta, yau wata huɗu, kuma ba ta san ranar da za a koma kotu ba. Sau da yawa an riga an sayar da keken ɗinki ko akuya, kuɗin kuma sun tafi hannun wani da ya ce ya san hanya. Tambayar da kwamitoci suke yi mana ita ce: shin ya halatta a taɓa kuɗin zakka a irin wannan hali, kuma ta wace ƙofa?

Kafin hukunci, ya kamata a san wane ne tsararren. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da suke gidajen gyaran hali a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma wannan shi ne asali a shari'ar Musulunci tun kafin a rubuta kundin. Saboda haka ɗan kwamitin da ya ce ba za a ba ɓarawo zakka ba, ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba tukuna.

Kula da ɗaurarre tsohon aiki ne a cikin al'umma. A hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Bukhari ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya haɗa umarnin sakin kamamme da ciyar da mai jin yunwa da gaida marar lafiya. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya ba Halifa Haruna Rashid shawara a littafinsa Kitabul Kharaj cewa ɗaurarren da ba shi da abin hannu dole a ciyar da shi daga baitulmali ko daga sadaka, a ba shi tufafin sanyi da na zafi. Har ya ce a riƙa ba su kuɗi duk wata ta hannun mutum amintacce mai riƙe da sunayensu, domin in gurasa aka aika, masu gadi ne za su cinye. Wanda ya taɓa kai kwano gidan yari zai gane cewa malamin ya san abin da yake faɗa.

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas na masu karɓar zakka, kuma mutane kan yi saurin cewa ɗaurarre ya shiga rukunin 'yantar da wuyaye. A mazhabarmu ta Malikiyya maganar ba ta kai haka sauƙi ba. Mashahurin zance shi ne wannan kaso na sayen bawa ne a 'yanta shi, kuma Shehu Khalil ya bayyana a Muhtasar cewa fansar kamamme da zakka ba ta isar wa mai bayarwa. Ibn Habib da Ibn Abdil Hakam sun halatta, Ibnul Arabi ya ƙarfafi ra'ayinsu, Hanbalawa ma haka suka tafi. Amma duk wannan saɓani a kan Musulmin da abokan gaba suka kama ne, wanda halinsa ya sha bamban da na mutumin da kotun ƙasarsa ta tsare.

Ƙofar da ta fi faɗi, kuma ba ta buƙatar a fita daga mazhaba, ita ce ta masu bashi. Malaman Malikiyya sun siffanta bashin da ake biya da zakka da cewa shi ne wanda ake iya tsare mutum a kansa, wato haƙƙin ɗan Adam, ban da haƙƙin Allah irin kaffara. Sun sa sharaɗi kada a ce an ci bashin ne don ɓarna, kamar caca ko shaye-shaye, sai fa in mai bashin ya tuba, kuma ya fara bayar da abin da yake hannunsa, a cika masa ragowar. Ashe ke nan ɗan kasuwar da kayan amana suka salwanta a hannunsa, kotu ta ce ya biya ko ya zauna, shi ne ainihin wanda littattafanmu suke nufi. Tarar da ake biyan hukuma kuwa ba haƙƙin wani ayyanannen mutum ba ce, don haka abin da muka ga ya fi kuɓuta daga shubuha shi ne a mallaka wa ɗaurarren kuɗin a matsayinsa na matalauci, a biya da izininsa. Yawan masu wannan buƙata ya fito fili a watan Nuwamba na 2023, lokacin da Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da tara naira miliyan 585 daga masu taimako domin sakin mutum 4,068 da rashin kuɗin tara ya riƙe.

Beli kuma daban yake, kuma a nan ne kwamitoci suka fi yin kuskure. Beli jingina ce ta cewa wanda ake tuhuma zai dawo kotu. A mafi yawan ƙararraki abin da kotu take nema shi ne mai tsayawa, wanda zai sa hannu cewa in wanda ya tsaya wa ya gudu, zai biya adadin da aka ambata. Inda aka ce a ajiye kuɗi, ana mayar da su bayan an gama shari'a. Zakka kuwa mallakawa ce, ba a ba da ita da niyyar ta dawo. Musulmin Amurka sun fuskanci wannan tambaya, domin a can yawancin waɗanda suke kurkukun gundumomi jiran shari'a suke yi, kuma belin kuɗi ne yake raba mai hali da talaka. A 2018 wasu Musulmi suka kafa Believers Bail Out a Chicago, suna tara zakka a watan azumi suna biyan beli, bisa hujjar 'yantar da wuyaye, kafin jihar Illinois ta soke belin kuɗi a watan Satumba na 2023. Mu a nan muna ganin asusun waƙafi ya fi dacewa da wannan aiki: kuɗi su fita, su dawo, su fitar da wani, ba tare da an shiga saɓanin malamai ba. Waƙafi da sadaka kuma sun isa ga ɗaurarren da ba Musulmi ba, inda zakkar matalauta ba ta isa ba.

Belin ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Duk abin da aka karɓa a can da sunan beli ba shi da rasit, kuma kuɗin zakka ba su da gurbi a wurin. Haka nan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu irinta, ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki zalla, kuma ta ce ba a hana mace tsayawa beli don kawai ita mace ce. Iyalai da yawa ba su san wannan na ƙarshe ba, sai uwa mai shago da adireshi tabbatacce ta tafi hayar baƙon namiji ya tsaya wa ɗanta.

Sau da yawa abin da tsararre ya rasa shi ne mai bibiya, ko da kuɗi suna nan. Wanda aka kai kotun majistare a kan tuhumar da kotun ba ta da hurumin saurare yakan zauna wata da watanni yana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ɗinsa na kwance a kan tebur. Kwamiti ya wakilta mutum ɗaya ya samo sunan kotu da lambar ƙara da ranar zama ta gaba daga rajistara, ya kai su ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, ya kuma nemi a sa sunan cikin waɗanda za a duba idan Babban Jojin jiha ya kai ziyara gidan gyaran hali. Kuɗin motar wannan wakili su fito daga sadaka ta gama-gari.

Masu bayar da zakka kan tambaye mu game da danginsu na jini. Ɗan'uwa da kawu da ɗan 'yar'uwa duk ana ba su, kuma ladan biyu ne, na sadaka da na zumunci. Abin da bai halatta ba shi ne mutum ya sauke ciyarwar da ta wajaba a kansa, ta mata ko iyaye matalauta ko ƙananan 'ya'ya, ya lissafa ta a matsayin zakka.

Akwai kuma gidan da aka bari a baya. Matar ɗaurarre da 'ya'yansa, in shi ne mai nema musu, sun shiga sahun matalauta tun ranar da aka tafi da shi, ko da kuwa an tabbatar masa da laifi, kuma ba su buƙatar wata fatawa ta musamman. A sa su cikin rabon hatsi na wata-wata, a biya kuɗin haya kai tsaye ga mai gida, a tabbata yaran ba su bar makaranta ba. A littafin kwamiti kuma a rubuta sunan matar a shafin mabuƙata kamar kowa. Bayanin ƙarar mijinta ya tsaya a wurin liman da ma'aji.