Matakan Auna Aikin Mai Bincike a Fannin Ciwon Zuciya

Wata maƙwabciyarmu a Sabon Gari ta haihu lafiya, aka yi suna, aka watse. Ba a yi arba'in ba ƙafafunta suka kumbura, in ta tashi daga tsakar gida zuwa ɗaki sai haki, da dare kuma ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai uku. A asibiti aka ce zuciyarta ce ta gaza saboda haihuwa. Ƙanenta, wanda ke karatun likita, ya shiga neman abin da aka rubuta a kan cutar, ya tarar da sunayen masana rututu, kowa da lambobi a gefen sunansa. Ya tambaye ni wa zai yarda da shi, kuma wa zai nema ya duba masa aikinsa idan lokacin bincike ya zo. Abin da na gaya masa ke nan na shimfiɗa a nan. Waya mai data da littafin rubutu sun isa.

Mataki na farko: tabbatar da mutumin

Kafin ka ƙirga komai, ka tabbatar da wanda kake ƙirga wa. Rumbunan mujallu sukan ajiye sunan ƙarshe ne da haruffan farko kawai, mu kuwa a Arewa Abubakar da Sani da Umar sun yi yawa. Ga wanda ya rubuta Muhammad a wata maƙala, Mohammed a wata. Ga likitar da ta sauya suna bayan aure, aikinta ya rabu gida biyu. Saboda haka ka haɗa suna da wurin aiki da fanni. Idan mutumin yana da lambar ORCID, wato lambar shaida mai gurbi 16 da aka fara ba masu bincike a 2012, to ka huta. Mutanen Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya yi, Ida'un Nusukhi, don a san malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Sanin daga wa magana ta fito shi ne gaba da komai.

Mataki na biyu: tattara maƙalun

Fara da PubMed, rumbun ɗakin karatun likitanci na Amurka. Kyauta ne. Gwada da sunan gida: rubuta Isezuo SA, wato Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Cikin abin da zai fito akwai maƙalar 2007 a mujallar Ethnicity & Disease, wadda ta gano cewa a asibitin ana samun gazawar zuciya irin ta maƙwabciyarmu sau 1 cikin kowace haihuwa 102. A Amurka ana ƙiyasta 1 cikin 1,000 zuwa 4,000. Ka ga tazarar.

PubMed ba ya ɗauke da kowace mujallar Afirka, don haka ka leƙa AJOL, rumbun mujallun nahiyar da aka fara a 1998. Ka nemi Sahel Medical Journal da Annals of African Medicine, waɗanda duk daga Sakkwato suka taso, da kuma Nigerian Journal of Cardiology. Daga nan sai Google Scholar, wanda ya fi kowa kwaso abubuwa, har da kundin digiri da takardun taro, wani lokaci ma maƙala ɗaya sau biyu. Ka ja layi huɗu a littafinka: shekara, mujalla, matsayin sunansa a jerin marubuta, da yawan ambato, wato sau nawa wasu suka kafa hujja da maƙalar.

Mataki na uku: ware tsaki da tsakuwa

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi tsallakewa. Maƙala ba duka ɗaya ba ce. Akwai labarin maras lafiya guda da likita ya gani ya rubuta. Akwai wasiƙa ga edita. Akwai wanda ya buɗe fayil-fayil na asibiti na shekara biyar ya ƙirga. Akwai wanda ya bi marasa lafiya wata da watanni yana duba su da na'urar hoton zuciya, yana kiran waya idan ba su dawo ba. Akwai kuma gwajin magani, inda ake raba mutane kashi biyu da ƙuri'a a kwatanta. Na ƙarshen nan biyu su ne masu cin rai da kuɗi, kuma guda ɗaya daga cikinsu ya fi ƙananan rubuce-rubuce ashirin nauyi. Ba raina labarin maras lafiya guda nake ba, da shi kowane ƙaramin likita ke koyon riƙe alƙalami. Amma idan farfesa ya shekara ashirin bai wuce nan ba, ka rubuta hakan a littafinka.

Sai ka dubi inda sunansa ya faɗo. A al'adar likitanci, na farko shi ne wanda ya yi wahalar aikin, na ƙarshe yawanci shi ne babban da ya jagoranta. Na tsakiya yana iya zama ya taimaka ƙwarai, yana iya zama kuma kara ce aka yi masa. Akwai manyan maƙalun duniya masu marubuta ɗaruruwa, irin na aikin ƙididdigar nauyin cututtuka a duniya, waɗanda ake ambata dubban lokuta. Wanda ya shiga ɗaya daga ciki lambarsa za ta tashi sama. Ka ware su gefe ka sake lissafi.

Ita ma mujallar ka bincike ta. Akwai masu karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana uku ba tare da wani masani ya duba ba. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana jera sunayensu kafin ya rufe shafinsa a Janairun 2017. Idan ba ka ga mujalla a rumbunan PubMed ko Scopus ko DOAJ ko AJOL ba, ka yi taka-tsantsan. Matsin neman ƙarin girma a jami'o'inmu ya tura mutanen kirki da yawa cikin wannan rami, kuma abin yana damuna.

Mataki na huɗu: ƙirga ambato

Ambato shi ne wani mai bincike ya kafa hujja da aikinka a cikin nasa. Eugene Garfield ne ya fara tattara wannan lissafi a tsare, a 1964. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin h, wanda za ka gani a shafin kusan kowane malami. Za ka iya fitar da shi da hannu. Jera maƙalun daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. A ce ka samu 40, 22, 15, 9, 6, 6, 3, 1. Ka sauka kana kwatanta lambar layi da yawan ambato: maƙala ta shida tana da 6, ta isa, ta bakwai tana da 3, ba ta kai 7 ba. Ma'auninsa 6 ke nan, wato yana da maƙalu shida da aka ambaci kowacce aƙalla sau shida.

Koyaushe ka faɗi inda ka ɗauko lambar da ranar da ka ɗauko, domin ta Google Scholar kusan kullum tana sama da ta Scopus. Ka kuma cire inda mutum ya ambaci kansa.

Mataki na biyar: kwatanta shi da sa'o'insa

Ma'aunin h ba ya raguwa, shekaru na ƙara masa, don haka ba adalci ba ne a ɗora wanda ya fara bugawa bara kusa da wanda ya fara a 1995. Haka kuma likitan da ke duba layin marasa lafiya tun safe, yana jiran wuta ta dawo kafin ya kunna na'ura, ba a auna shi da na Landan mai ma'aikata goma. Cutar da ta fi addabar matan Sahel ba ta da masu rubutu da yawa a duniya, masu ambaton ma kaɗan ne. Ƙaramar lamba a nan tana iya ɓoye babban aiki.

Mataki na shida: duba ko an janye wani aikinsa

PubMed yana sa alama a kan maƙalar da aka janye, shafin Retraction Watch kuma tun 2010 yake bin diddigin irinsu. Kada ka ɗauka wannan na ƙananan mutane ne. Piero Anversa ya yi tashe a duniya da iƙirarin cewa zuciya tana da ƙwayoyin da ke sabunta tsokarta, aka yi ta ambatonsa shekara da shekaru. A 2018 Jami'ar Harvard da asibitin da ya yi aiki suka nemi a janye maƙalu 31 daga ɗakin bincikensa saboda bayanan jabu. Duk wanda ya tsaya ga lamba kaɗai, da ya sa shi a sahun gaba.

Mataki na bakwai: karanta, ka bi sawun masu ambato

Zaɓi maƙalu uku da suka fi nauyi ka karanta su daga farko har ƙarshe: mutum nawa aka duba, na tsawon wane lokaci, nawa suka ɓace a hanya. Sannan ka taɓa mahaɗin da ke nuna waɗanda suka ambace su, ka ga me suka ce, domin lissafi ba ya bambance mai gaskatawa da mai ƙaryatawa.

Cutar maƙwabciyarmu ita ce misalin da ya fi dacewa. A 1978 Davidson da Parry suka buga bincikensu a kan mata sama da 200 a Zariya, suka karkata ga cewa wankan jego, kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa suna da hannu. Shekaru aka yi ana maimaita wannan a littattafai. A 1992 Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka nuna cewa masu cutar suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya ga irin wannan ƙaranci a Kano, ya kuma jagoranci rajistar masu cutar mai suna PEACE da ta haɗa asibitoci daga sassan Nijeriya. Sakamakon da aka buga a 2020 ya fi nuna yatsa ga rama, rashin aikin yi, rashin karatun boko da hawan jinin masu ciki, bai tabbatar da laifin al'adun jego ba. Har yau ana ambaton aikin Zariya, kuma ya cancanta, shi ya buɗe ƙofa. Amma wanda ya ƙirga ambaton bai karanta ba, zai koma gida ya ɗora wa kaka da tukunyar ruwan zafinta laifi duka, ya manta da tambayar abin da mai jegon take ci, da kuma ko an auna jininta lokacin awo.

Ƙanen maƙwabciyar tamu ya cika shafi huɗu na littafinsa. A layin ƙarshe na sa ya ƙara tambaya ɗaya da ba ta cikin kowane rumbu: ɗalibai nawa ne suka fito a matsayin marubuci na farko a ƙarƙashin wannan malami? Da amsarta ya zaɓi ƙofar da zai ƙwanƙwasa.