Yadda Ake Saƙa wa Tsoho Safar Hunturu da Tsinke

Masu cewa Minna ba ta da sanyin da za a saƙa safa dominsa ba su taɓa fita sallar asuba a Bosso cikin watan Janairu ba. Ƙafar tsoho ba ta wasa da hunturu, ga kaushi ga faso. In kina son ki faranta wa Baba ko Hajiya rai, ki soma tun Oktoba, da ruwa ya ɗauke.

Kayan aiki. Tsinken saƙa biyar masu baki biyu, na milimita 3.5, da allura mai faɗin ido, da zaren ulu ƙulli biyu ko uku. Ni zaren Yeye nake saye a Kasuwar Kure, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ki rabu da masu bidiyo da ke cewa sai zallar gashin tumaki. Don ƙanƙarar Ingila suke magana. Ki sayi zaren duka lokaci ɗaya, don launin yakan bambanta. Kada ki zaɓi fari, ƙura za ta mayar da shi ja.

Awo. Tunda kyauta ce, ki auna tsawon silifas ɗinsa a ɓoye, ki rage ɗan kaɗan.

Wuya da ƙwauri. Ki ɗora ido 48, goma sha biyu a kan kowane tsinke huɗu, ki haɗa zagaye ba tare da ya murɗe ba. Biyu gaba, biyu baya har santimita 5, sannan gaba zalla har santimita 15.

Dunduniya. Nan ake yin ta. Ki ware ido 24 a tsinke ɗaya, ki yi ta kai da komo layi 24. A farkon kowane layi ki zare ido na farko ki wuce, kada ki saƙa shi. Wannan ne zai ba ki gefe mai kama da sarƙa, wanda za ki tsinto ido daga cikinsa an jima.

Sai juyi. Ki saƙa 14 gaba, ki haɗe biyu, ki ƙara saƙa ɗaya, ki juya aikin alhali bakwai na nan ba ki taɓa su ba. Ki zare ɗaya, biyar baya, ki haɗe biyu, ki ƙara ɗaya, ki juya. Yanzu za ki ga ɗan giɓi a kowane gefe. Daina ƙirga, giɓin za ki bi: kullum ki haɗe idon da ke gabansa da na bayansa, ki ƙara ɗaya, ki juya, har ido 14 su rage. Kada ki yi wannan ana hira ko tukunya na kan wuta.

Ki tsinto ido 12 a kowane gefen sarƙar, ki ƙara ɗaya a can kusurwa. Masu koyarwa da yawa ba sa faɗin wannan ɗayan, shi ya sa safarsu ke huda a idon sawu. Ki riƙa rage biyu, zagaye ɗaya ki rage ɗaya ki bari, har ki koma 48.

Tafi da yatsu. Gaba zalla har saura santimita 5 ki kai tsawon da kika auna. Ki riƙa rage huɗu, biyu a kowane gefe, kina tsallake zagaye ɗaya har 24, sannan kowane zagaye har 8. Ki zura zare da allura ki tsuke. Ban da ƙulli a tafin ƙafa, zai dame shi. Ki sassaƙa bakin zaren ta ciki.

Ki ɗora ta biyu a ranar, tun hannunki bai sauya ba.

In za ki miƙa, ki gaya wa mai wanki: ruwan sanyi, shanya a inuwa, ba guga. Kuma kada Baba ya kai ƙafa bakin kaskon wuta da ita, don wannan zaren narkewa yake yi.