Yadda Koci Zai Auna Numfashin 'Yan Wasansa da Gudun Minti 12

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar ƙwallon unguwa ya san yaron nan da ke yanka 'yan baya son ransa a farkon wasa, amma da an dawo hutun rabin lokaci sai ka hango shi ya dafe gwiwa, baki buɗe. Numfashi ne ya gaza masa, kuma numfashi ana auna shi. A 1968 wani likitan sojojin saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da hanya mai sauƙi: mutum ya yi gudu na minti 12, a lissafa nisan da ya ci.

Fara da auna fili. Idan kana da damar shiga babban filin wasa mai layin tsere, zagaye ɗaya mita 400 ne. Idan kuwa filin makarantar firamare kuke atisaye, ari tef wajen magini, ka auna kewayen, ka zuba toka a kowace mita 50. Kada ka yi kirdado, don shi ke ɓata gwajin gaba ɗaya.

Sa gwajin da sassafe, kafin rana ta ɗaga, musamman a zafin Maris da Afrilu. Yara su zo da ɗan abu mara nauyi a ciki: ayaba, ko dabino uku da kofin ruwa. Ɗumamen tuwo ya jira sai an gama. Wanda ya kwana da zazzaɓi ko yake jin ciwon ƙirji, zaunar da shi ko da zai yi fushi.

Bayan ɗumama jiki na minti 10, raba su gida biyu, rabi na gudu rabi na ƙirga. Mai ƙirga ya ajiye tsakuwa ɗaya duk lokacin da abokinsa ya wuce. Ja musu kunne kada su zabura tun farko; wanda ya fita da gudun tsiya, kafin minti 5 ya koma tafiya. Da minti 12 ya cika ka busa usur, kowa ya lura da tokar da ya tsaya kusa da ita, sannan ya ci gaba da takawa a hankali.

Rubuta sakamakon kowa a littafi. Ga namiji ɗan shekara 20 zuwa 29, mita 2,400 zuwa 2,800 ya yi kyau, wanda ya haura 2,800 kuwa ya kai.

Sauran aikin gyara ne. Masu bincike a Trondheim ta ƙasar Norway sun gwada wani tsari a kan matasan 'yan ƙwallo a 2001: gudu mai ƙarfi na minti 4, sassarfa na minti 3, a maimaita sau 4, sau biyu a mako har mako 8. Nisan da yaran ke ci a wasa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Ɗora naka yaran a kan wannan tsari, ƙarfin gudun ya kai inda yaro ba zai iya yi maka doguwar magana ba.

Bayan atisaye, ni fura da nono nake so a ba su: gero ya mayar da ƙarfin da ya ƙone, nono ya gyara tsoka. Wanda ya hau sikeli kafin atisaye da bayansa ya ga ya ragu da kilo ɗaya, ya sha ruwa wajen lita ɗaya da rabi kafin yamma.

In mako 8 ya cika, koma filin nan, a irin lokacin nan, ka sake busa usur, ka gwada sabon adadi da na cikin littafi.