Yadda ake zaɓen turbo daidai da injinka

A garejin Zongo, in ka tambayi yara wane turbo ya fi, sai su nuna maka mai faɗin baki. Masu sayar da kayan gyara a gefen Port ɗin Lome ma haka suke so ka yarda, domin babba ya fi tsada. Ni kam na gaji da kwance injunan da wannan shawara ta kashe. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a 1977 aka maido shi Agoè, bakin babbar hanyar arewa, duk motar da ta fito Port za ta Yamai ko Wagadugu ta gabanmu take wucewa, samarinmu kuwa sun ga motoci masu gudu sun ƙyasa. Ko Golf ce kake so ta yi tsere, ko Hilux kake so ta hau tudun Aledjo ba nishi, ƙa'idar ɗaya ce: ka ɗauki mafi ƙanƙantar turbo da zai iya ba ka iskar da kake buƙata. Iskar kuwa lissafinta ake yi, ba a auna ta da ido.

Mataki na 1: Duba lafiyar injin

A auna matsin kowace silinda. Injin da ke shan baƙin mai ko yake hura iska ta bakin zuba mai, gyara yake nema, turbo zai ƙarasa shi ne.

Mataki na 2: Yanke ƙarfin da kake so

Rubuta lamba ɗaya a takarda, misali doki 280, sannan ka rubuta juyin da injin zai fi aiki a kansa. Motar tseren miƙe tana zama ne a juyi 5,000 zuwa 7,000 a minti. Motar da za ta riƙa shan kwana tana sauka 3,000 ta sake tashi. Hilux mai kaya kuwa a wajen 2,000 take neman ƙarfinta. In ka ce duka kake so, Alhaji, ba za ka samu ko ɗaya ba.

Mataki na 3: Lissafin iska

Nan ne kowa yake gudu, alhali wayar hannunka ta isa. Injin mota sai ya yi juyi biyu kafin kowace silinda ta sha iska sau ɗaya. Don haka ka ninka litar injin da juyi, ka raba biyu. Inji mai lita 2 a juyi 6,500 zai ja lita 6,500 a minti. Silinda ba ta cika maƙil, sai ka ɗauki kashi 90 cikin ɗari, ya zama 5,850.

Sai matsi. Lome tana bakin teku, iskar gari da kanta bar 1 ce. In turbo ya ƙara bar 1, jimilla 2 ke nan, kuma wannan 2 ɗin ita za ka nema a taswirar turbo, ba 1 da agogon mota yake nunawa ba. Da yawa a nan suke ɓata. Ninka 5,850 da 2, ka samu lita 11,700. Iskar da ta ratsa intakula, wato mai sanyaya iskar turbo, a zafin ƙasarmu nauyinta kamar giram 1.1 ne kowace lita, wato kusan kilo 13 a minti. Kamfanin Garrett da fam yake rubuta taswirarsa, sai ka ninka da 2.2, ka samu wajen fam 28. A injin fetur, fam ɗaya na iska a minti yana ba da kamar doki 10. Ga doki 280 ɗinka ya fito. In lissafin bai kai lambar da ka rubuta ba, ka rage buri kafin ka yi tunanin ƙara matsi.

Ka maimaita lissafin a juyin da kake so turbo ya cika, a ce 3,500. Zai ba ka wajen fam 15. Riƙe lambobin biyu.

Mataki na 4: Karanta taswirar farfelar sanyi

Kowane turbo na kirki yana da taswirarsa a intanet. Matsi yana hawa a tsaye, yawan iska yana tafiya a kwance, a tsakiya akwai zagaye-zagaye da ke nuna inda farfela take aiki ba tare da ta dafa iskar ba, galibi kashi 70 zuwa 78. Ɗiga lambobinka biyu a layin matsi 2.

In ɗigon fam 15 ya faɗa hagu da iyaka, turbo ya yi wa injin girma. Iska za ta riƙa komawa baya tana dukan farfela, ka ji yana fur-fur-fur a ƙarƙashin totur. Yara suna jin daɗin ƙarar, ba su san sandar tsakiya ce take shan wuya ba. In ɗigon fam 28 ya fice ta dama, turbo ya yi ƙanƙanta, zafi zai riƙa hurawa. Ga misalinmu, Garrett GT2860RS yana ɗaukar ɗigo biyun. GT3582R kuwa, wanda samari suke kwaɗayi, an yi shi ne don doki 400 zuwa sama da 600, a lita 2 ɗinka sai ka kusa ƙure juyi kafin ya farka. Wanda ba shi da suna balle taswira, bar wa mai shi kayansa.

Mataki na 5: Ɓangaren zafi

Hayaƙi ne yake juya turbo, kuma kwanson da hayaƙin ke bi yana da lamba a jikinsa, A/R. Ƙaramar lamba kamar 0.64 tana matse hayaƙin ya fita da ƙarfi, kamar yadda mai wankin mota yake danne bakin tiyo da yatsa. Turbo zai tashi da wuri, amma a babban juyi hayaƙi zai rasa hanyar fita, ya taru a kan inji, zafi ya hau. Babbar lamba kamar 0.86 tana sakin numfashi a sama, amma ka taka totur a ƙasa ka jira.

Wannan jira shi ya wahalar da Renault lokacin da ta shigar da turbo tseren Formula 1 a 1977. Babban turbo guda ɗaya ta ɗora wa inji mai lita 1.5, direba ya taka sai bayan ya wuce kwana ƙarfin ya zo. A 1979 suka koma ƙanana biyu, a shekarar kuma Jean-Pierre Jabouille ya ci tseren Faransa a Dijon. Ga lita 2 da ba filin miƙe kaɗai za ta hau ba, 0.64 nake sawa kullum. Ka tabbata ƙofar sakin hayaƙi tana buɗewa sosai, in ba haka ba matsi zai wuce inda ka tsayar.

Mataki na 6: Sabo ko na hannu

Sabon Garrett na asali ya haura jika ɗari biyar, ban da kuɗin kawo shi. Shi ya sa yawancinmu na hannu muke nema cikin kayan Turai. A nan ina son BorgWarner K04 ga Golf ko Audi mai injin 1.8T, domin shi kamfani ya sa wa Audi TT mai doki 225, sai dai wani samfurinsa yana neman canjin bututun hayaƙi. TD04 na Mitsubishi ma ba ya ba da kunya.

Kafin ka sayi na hannu, kama farfelar da yatsa biyu. In ta ɗan motsa gefe ba ta taɓa kwanso ba, babu laifi. In tana shiga tana fita, ko fikafikanta sun gutsure, ko kwanson zafi ya tsage, ajiye.

Kada kuma a ruɗe ka da turbon gazuwal mai fikafikai masu motsi, irin CT16V na Hilux mai lita 3. Hayaƙin fetur yana wuce digiri 900, na gazuwal bai kai haka ba, fikafikan za su maƙale. Masu Land Cruiser mai injin 1HZ kuma su yi hattara: ba don turbo aka ƙera shi ba, matsin silindarsa ya kai wajen ninki 22. A tsaya wajen bar 0.6 zuwa 0.7, a sa agogon zafin hayaƙi, kada allurar ta daɗe sama da 700.

Mataki na 7: Intakula da mai

Lissafin da aka yi a Turai cikin sanyi ba zai zauna a Mango ko Dapaong a watan Afrilu ba, inda zafi ke taɓa digiri 40. Intakula dole ne, a gaban lagireto inda iska ke dukansa. Ƙarin iska yana neman ƙarin mai, wato manyan nozul, famfon mai mai ƙarfi, da wanda ya iya saita ƙwaƙwalwar mota. Fetur ɗin kwalba na bakin titi, boudè, kada ya shiga wannan tanki. Ba ka san abin da aka gauraya ba, kuma ƙwanƙwasa ta 'yan daƙiƙoƙi a ƙarƙashin matsi ta isa ta huda fistin. Lokacin hunturu ka riƙa duba matatar iska kowane mako, domin ƙura tana cinye farfelar da ke juyi sama da 150,000 a minti.

Mataki na 8: Ɗaurawa da gwaji

Sabon bututun baƙin mai, sabon mai, sabuwar matata. Bututun komawa ya zama mai faɗi, ya gangara ƙasa, ya shiga sama da inda mai yake kwanciya. Turbo mai boris yana son matsattsiyar ƙofar mai kamar milimita ɗaya. Zuba mai a cikinsa kafin ka tayar.

Fara da bar 0.5, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana duba agogon cakuɗin mai da iska, kana sauraren inji. Bayan gudu a bar shi yana aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Kuloci da birki su ma a ƙara musu ƙarfi. Gwajin kuwa a nemi fili killatacce. Titin Agoè na 'yan zemijan ne da manyan motocin Terminal du Sahel da yara masu tsallakawa makaranta, ba wurin gwada doki 280 ba ne.