Idan Jijiyar Hannu Ta Tsuke Lokacin Duba Zuciya

Tun da likita Lucien Campeau ya fara zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu don duba hanyoyin jinin zuciya a Montreal cikin 1989, a hankali likitocin zuciya suka koma fifita wannan hanya a kan ta cinya. Zubar jini ya yi ƙaranci, mara lafiya kuma yakan tashi zaune ba da jimawa ba. Sai dai hanyar tana da matsalarta guda: jijiyar kan tsuke ta damƙe bututun.

Jijiyar nan da ake taɓawa a ji bugun jini, faɗinta bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma bangonta cike yake da tsoka. Da mutum ya ji tsoro ko zafi, jiki kan saki sinadarin adrenalin, tsokar kuwa ta ɗaure nan take. Mai jinya sai ya ji zugi yana hawa daga hannu zuwa gwiwar hannu, likita kuma ya ji bututun ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Mata sun fi fuskantar wannan, musamman gajeru da marasa ƙiba, saboda jijiyarsu ta fi sirantaka. Masu shan taba ma haka. Akwai waɗanda Allah Ya halicci jijiyarsu da lanƙwasa ko murɗiya, ba a sani sai an shiga. Sauran dalilan kuwa daga hannun likita ne: huda jijiya sau da yawa kafin a same ta, amfani da bututu mai kauri, sauya bututu akai-akai, ko tsawaita aiki.

Amma a ganina, fargaba ce aka fi rainawa, alhali ita ce mai jinya ke da iko a kanta. In ke ce za a yi wa aikin, kafin a shiga ki gaya wa likita in kina jin tsoro, ko in an taɓa yi miki wannan aiki hannu ya yi ciwo. Kada kunya ta hana ki. Akwai maganin kwantar da hankali da ake bayarwa kaɗan, da allurar kashe zafi a fata. Likitoci da dama kan zuba nitroglycerin ko verapamil cikin jijiyar tun farko don ta saki, su zaɓi bututu mai santsi, su nemi jijiyar da na'urar hoto maimakon lalube. Ɗumama hannu ma yana taimakawa.

In kin ji zafi a tsakiyar aiki, ki yi magana a take, kada ki daure. Likitan da ya san aikinsa ba zai fizgo bututun da ƙarfi ba, don hakan kan yage jijiya. Zai dakata, ya ƙara magani, ya jira ta saki, in ta ƙi ya koma ta ɗaya hannun ko ta cinya. Bayan an sallame ki, in hannu ya kumbura, ya yi sanyi ko yatsu suka mutu, ki koma asibiti a ranar.