Nasiha ga ɗana da ke Texas kan bindigar aljihu

Ɗana, na ji kana son sayen ƙaramar bindiga irin ta aljihu, kana ta kai-kawo tsakanin mai makulli da marar makulli. Ba zan hana ka ba, tunda dokar inda kake ta yarda. Tun Satumbar 2021 jihar Texas ta bar baligin da doka ba ta haramta wa ba ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Duk da haka ka je ka yi horon neman lasisin. Kuma ka ja kunnen abokanka da suka shiga Amurka da bizar karatu, domin su dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga, in ban da 'yan togaciya kaɗan.

Makullin nan wani ɗan ƙarfe ne a gefen bindiga, wanda babban yatsa ke turewa kafin ta tashi. Akwai bindigar da ba ta ɗaukuwa sai da shi. SIG P238 ana ɗaukarta a ɗane, jan kunamarta gajere ne, don haka makullin ne ke tsare da ita. Ruger LCP da ta fito a 2008 kuwa ba ta da shi sam, tsawon jan kunamarta da nauyinsa su ne tsaronta. Glock 42 tana da ɗan harshe a tsakiyar kunama, wanda sai yatsa ya danne shi kunamar ke motsi. SIG P365 ma, ana sayar da ita iri biyu, mai makulli da marar shi. Ka ga ke nan masu ƙera su ba su yanke hukunci ɗaya ba.

Abin da nake so ka duba shi ne hannunka. Bindigar da ba ta wuce tafin hannu ba, makullinta ma ɗan mitsitsi ne. A kanti, hankalinka kwance, za ka ture shi cikin sauƙi. Amma ranar tsoro tafin hannu yana jiƙewa da gumi, yatsu suna rawa, mutum ya yi ta jan kunama bai tuna ya buɗe ba. In mai makulli ka zaɓa, to sai ka maimaita buɗewa da rufewa, da bindigar da ka duba da idonka babu harsashi a ciki, har yatsan ya riƙa yi da kansa. Kada kuma makullin ya sa ka sakankance, yana iya gogar tufa ya buɗe ba ka sani ba.

Game da nauyin kunama, ta Glock takan tashi da jan kusan kilo 2.5. 'Yan sandan birnin New York sun shekara da shekaru suna amfani da mai kusan kilo 5.5, don gudun tashin bindiga ba da niyya ba. Nauyin yana ba mutum damar fasawa, amma yana da tsadarsa. LCP ba ta kai gram 300 ba in babu harsashi, jan kunamarta ya ninka nauyinta sau da yawa, shi ya sa bakinta ke karkacewa a hannun wanda bai saba ba. Harsashin da ya kauce kuwa a jikin wani bawan Allah yake sauka. Ka je filin harbi inda ake ba da haya, ka gwada biyu ko uku, ka ji wadda yatsanka ke ja a miƙe har ƙarshe. Wadda ka saya, ka bar kunamarta yadda kamfani ya yi ta, kada wani ya ce zai sassauta maka.

Ko wace ka ɗauka, kada ta shiga aljihu tsirara. Ka sayo kube mai tauri wanda ya rufe kunama gaba ɗaya, kuma aljihun nan ya zama nata ita kaɗai, ban da mabuɗin mota, ban da biro. In za ka mayar da ita, fito da kuben waje, ka sa ta ciki yatsanka na miƙe a gefe, sannan ka mayar da su tare. Da ka shiga gida kuma, kafin yaran nan su rugo su rungume ka, ka sa ta cikin akwatin ƙarfe ka kulle.