Miƙewar Ƙarfe da Ma'aunan Zafi Uku

Dukanmu mun saba jin kwanon rufin aji yana ƙara da tsakar rana. Ƙarfe ne yake miƙewa saboda zafi. Littafin kimiyyarmu ya ce baƙin ƙarfe mai tsawon mita 1 yakan ƙaru da wajen mita 0.000012 idan zafi ya hau digiri 1 na Salsiyos. Amma a tsofaffin littattafan Ingila da Amurka 0.0000067 za mu tarar. Ba kuskure ba ne, da ma'aunin Faranhait na 1724 suka yi aiki.

A nan 'yan aji biyar suke zubar da maki, domin sai su ƙara 32. Ita 32 tana nuna inda ruwa yake daskarewa ne kawai, mu kuwa hawan zafin muke aunawa. Daga daskarewar ruwa zuwa tafasarsa Salsiyos yana da digiri 100, Faranhait 180. Tun da digirin Faranhait ƙarami ne, miƙewar da yake kawowa ma kaɗan ce. Lissafin shi ne 0.000012 sau 5/9.

Akwai kuma ma'aunin Reyomir, wani Bafaranshe, na wajen 1730, wanda ya raba tazarar nan gida 80. Digirinsa babba ne, saboda haka 0.000012 sau 5/4, wato 0.000015.

Mu gwada da ƙarfen dogo mai mita 10. Hawan digiri 30 na Salsiyos daidai yake da 54 na Faranhait, ko 24 na Reyomir. Kowanne muka ɗauka, ƙarin tsawon milimita 3.6 ne, kuma saboda shi ake barin 'yar kafa a mahaɗar ƙarafan dogo.